Mariƙin Kiri

Sandar da aka ba ni ita ce wadda kowa ya ɗaga ya ajiye. Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode, samarin suka juya baya suna dariya ƙasa-ƙasa.

Mai sandunan shi ne Baba Almoustapha. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Yamai yana ɗaukar wa masu wasan golf jaka a wani filin yashi da ke bayan gari. Da masu wasan suka ragu, gwiwoyinsa kuma suka fara yi masa gardama, sai ya dawo ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, da rediyo ɗaya da wata doguwar jaka mai sandunan ƙarfe bakwai da ƙananan ƙwallaye farare guda tara. Da farko mutane sun zaci kayan awon gona ne. Bayan kaka ya fita fakon da ke arewa da gari, inda ko sabara ba ta yarda ta tsiro ba, ya binne gwangwanayen tumatir nesa da juna, ya ce wasan shi ne a bugi ƙwallo da sanda har ta faɗa cikin gwangwani. Tsofaffi suka ce birni ya taɓa shi. Samari kuwa, da yake babu aikin gona, suka bi shi.

Ni a lokacin ina gida. Na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a lise ta Ƙonni, ban samu tafiya jami'a a shekarar ba, dalilin kuma ba na wannan labarin ba ne. Duk inda na gifta sai in ji ana cewa, “Ga Madam Bak nan za ta rijiya.” Ina ɗaga kai in wuce. Wata la'asar na ajiye tulu, na miƙe sai fako, na ce wa Baba Almoustapha ni ma zan buga.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Ƙwallo ba ta tambayar wa ya buge ta, ɗiyata. Sai dai sanda ɗaya ta rage.”

Ga yadda aka yi sandar ta rage. Robar da ke naɗe a mariƙin sandunan duk ta mutu saboda zafi da daɗewa, in ka kama sai ta marmashe a hannunka kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Fa'izu ya ce a bar masa gyaran. Fa'izu ɗan kabu-kabu ne, mai ɗaukar fasinja a babur, kuma a ganinsa duk abin da hannu zai riƙe dole ya yi laushi kamar hannun motonsa, wanda ya naɗe da soso ya yi masa ado da zaren ulu. Ya yanko soson tsohuwar katifa, ya naɗe mariƙin sanduna shida, ya ɗaure da robar cikin taya, kowace ta yi kauri kamar rake. A ta bakwai soso ya ƙare. Sai Baba Almoustapha ya kai ta wurin Chindo baduku, mai naɗe ƙotar wuƙa da bulala. Chindo bai san wata hanya ba sai tasa: ya jiƙa ɗanyen kiri na fatar bijimi, ya naɗe shi yana ɗanye, ya jefa sandar kan rufin ɗaki kwana uku. Da kirin ya bushe sai ya ƙanƙame ƙarfen, ya yi tauri kamar ƙaho, ga kuma tudun naɗin yana cizon hannu.

Sanduna biyu ne masu babban kai, na bugun nesa. Ɗaya ta Fa'izu, mai soso. Ɗayar ita ce tawa.

Fa'izu ɗan kawuna ne. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, don haka tun muna rarrafe yake kirana baiwarsa. Kowa ya san yadda wasan taubashi yake a wurinmu: abin da ya fizge a hannunka ya tafi, in ka yi fushi kai ka ji kunya, in ka kai ƙara a yi maka dariya. Da wannan dokar ya raba ni da takalmin Sallah, da kalkuletar da na ci a aji, da cinyoyin zabi waɗanda ban san adadinsu ba.

“Baiwata,” in ji shi ranar farko, “wagga sanda ta dace da ke. Bayi ba su saba da katifa ba.”

“Ubangidan da ke kwana a kan katifar da ya yanke wa ciki,” na ce. “Allah ya ba bayanka haƙuri.”

Na kama sandar, na matse ta da duk ƙarfina kamar yadda na ga suna yi, na kai bugu. Ƙwallon ta gangara taku goma ta tsaya. Tafin hannuna ya ɗauki zafi kamar na dafa murhu. Kafin magariba bororo huɗu sun tashi.

Inna ta kama hannuna ta duba a hasken ƙofa. “Hannun bik,” ta ce. “Shekara goma sha uku kina riƙon abin rubutu, yanzu kin je kina kokawa da bulalar Chindo. Tsahara, mi kike nema a fakon nan?”

Ni ma a lokacin ban sani ba. Na dai san ba zan ajiye sandar a gaban Fa'izu ba, ko da fatar za ta ƙare ta bar ƙashi.

Samarin suna fitowa ne bayan la'asar. Ni sai na ƙara wani lokaci nawa, tsakar rana, lokacin bazara, sa'ar da ko jaki ke neman gindin bango. Inna na kishingiɗa sai in ɗauki sandar daga bayan rumbu, in karɓi ƙwallo uku wurin Baba Almoustapha, wanda kullum yana zaune ƙarƙashin wata aduwa a bakin fako da rediyonsa. Ana ɗora ƙwallo ne a kan murfin kwalba. In buga, in bi ta da ƙafa, in dawo, in sake. Ƙasar tana ƙona ni ta cikin silifa. Ƙarfen sandar ba ya taɓuwa sai na rufe shi da gefen zane. Bororo ya fashe, wani ya tashi a ƙarƙashinsa. Da safe in zan yi daka sai na ɗaure hannu da tsumma, kuma ban taɓa barin Inna ta karɓi taɓaryar ba, don in ta karɓa ta samu bakin hana ni fita.

A rana ta goma sha tara hannun ya ƙi. Wani babban bororo a gindin yatsuna ya fashe, naman ya fito ja. Na gwada matse sandar, na ji har cikin haƙorina. Komawa gida kuwa yana nufin wucewa ta gaban Baba Almoustapha da ƙwallo uku da ban buga ba. Sai na riƙe ta sama-sama, da yatsu kawai, yadda dai ba za ta faɗi ba, na ce ko taku biyar ne in buga in tafi.

Sandar ta zagayo da wani gudu da ban san ina da shi ba. Na ji ƙara siririya, ƙwallon ta tashi, ta yi ta tafiya miƙe, ta yi ƙanƙanta har ta ɓace mini. A ƙarshen fakon akwai wani babban gawo da babu wanda ya taɓa kai ƙwallo gindinsa, har Fa'izu. A bayansa na tsince ta.

Da na dawo, Baba Almoustapha ya rage muryar rediyo.

“Sake,” ya ce.

Na sake. Ta biyu ta sauka dab da ta farko.

“Zauna ki sha ruwa,” in ji shi. “Na daɗe ina jira hannun nan ya gaji da faɗa.”

“Baba, kun sani kuka bar ni ina zubar da fata?”

“Da na faɗa miki za ki ji? Ke da kika ci bak?” Ya miƙo mini buta. “Duba nan. Soso na mai sanyin hannu ne irina. Ni in na ɗaga sanda, kafin ta sauko ƙuda ya sauka a kanta ya huta ya tashi. Laushi ba ya cutar da ni, yana ma lallashin gaɓoɓina. Ke kuwa da taɓarya kika tashi, karatun boko a lakwal ya cinye fatar hannunki amma bai taɓa kafaɗunki ba. In sanda ta zo da gudu irin naki, wannan babban kan yana son ya juya. In mariƙin soso ne, ƙarfen zai murɗe a cikinsa, hannu ya ji abu na kuɓuce masa ya ƙara matsewa, matsewar kuma ta ɗaure damtse ta kashe gudun. Kirin Chindo ba ya motsi. Ba ya buƙatar a shaƙe shi. Ki riƙe shi yadda ake riƙon ɗan tsako, shi ke nan.”

“To su Fa'izu fa? Shi ma ai yana da gudu.”

“Na faɗa masa sau biyu. Ya ce shi ya san hannun moto.” Ya mayar da rediyon kunnensa. “Ni tsoho ne, ba na faɗin magana sau uku.”

Bayan kwana kaɗan labari ya zo. Wani tsohon abokin aikin Baba Almoustapha ya kira shi ya ce za a yi gasar matasa a Yamai, an ba shi wurin mutum ɗaya, da suna a takarda da kujera a mota. Baba ya tara mu ya ce ba zai zaɓa da baki ba. Juma'a ta uku, bayan la'asar, kowa zai buga ƙwallo uku daga gindin suri zuwa wajen gawo. Wanda tasa ta fi nisa, muddin ba ta bar fako ta faɗa kayan mutane ba, shi ne zai tafi.

A ranar na san abin da nake nema. Ina son in shiga motar da ta nufi yamma da sunana a rubuce, masu cewa Madam Bak suna tsaye a bakin hanya.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ranar da Fa'izu ya gane abin da sandata ke yi, ranar zai fizge ta, kuma babu wanda zai ce masa don me. Saboda haka na shiga aikin da ya fi bororo zafi a wurina, wato raki a gaban maza. Da rana in kai ƙwallo bayan gawo, da la'asar in zo in matse sandar da gangan, in bugi ƙasa, in yarfe hannu ina tsaki.

“Fa'izu, don darajar Kawu, ara mini taka sau ɗaya.”

“Baiwa da sandar ubangida? Gobe kuma ki ce in ba ki moton.”

“Ka dubi hannuna.”

“Na gani. Ki kai wa Chindo ya jeme shi, a yi mini jakar makulli.”

Samarin su kwashe da dariya, ni kuma in sunkuyar da kai kamar zan yi kuka, ina cizon leɓe don kada tawa dariyar ta fito. Har na koyi jan hanci. A gida ina cusa tafin hannuna cikin lalle kowane kwana biyu don fatar ta yi kanta da wuri. Maƙwabta suka fara tambayar Inna ko wani malamin lakwal ne ya yi sallama. Inna ta ce ita ma jira take a gaya mata.

Ashe rakin ya yi yawa.

Ranar Alhamis na dawo daga rijiya, na leƙa bayan rumbu, babu sanda. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ɗan'uwanki Fa'izu ya zo ya ɗauka. Ya ce tausayinki ya kama shi. Kin ga, ashe yaron nan yana da zuciya.”

Na ajiye tulun a hankali don kada in fasa shi.

Ranar Juma'a rabin gari ya fito fako. Tsofaffin da suka ce birni ya taɓa Baba Almoustapha su ne a sahun gaba, a kan tabarmi. Kawu yana cikinsu, da Chindo baduku, da Maikuɗi mai albasa, wanda rumfar ajiyarsa ke gefen fakon ta gabas. Mata suka tsaya daga baya da 'ya'ya a goye. Sai ga Fa'izu ya iso a kan moto, ya kafe shi, ya sauko da wani dogon abu naɗe da zane. Ya tsaya a tsakiya ya yi gyaran murya.

“Jama'a, ku shaida. Kwana arba'in baiwata tana kuka da hannu. An ce ɗan namiji ba ya da tausayi. To ga shi.”

Ya warware zanen. Sandata ce. Mariƙinta ya sha sabon soso ninki biyu, an ɗaure da baƙar roba, an kuma yi mata geza da ulu ja da kore irin na motonsa. Mata suka yi guɗa. Kawu ya gyaɗa kai yana cewa Allah ya yi albarka. Na dubi Baba Almoustapha, shi kuma ya dubi sama kamar mai neman hadari a tsakiyar bazara.

Me zan ce? Ni na roƙa, a gaban kowa, sau ba adadi. Na durƙusa kaɗan na karɓa.

“Na gode, ubangidana.”

“Ba komai. Ki riƙa tunawa da ni in na tafi Yamai.”

Mu biyar ne masu bugu, amma sauran ukun sun zo rakiya ne. A zagayen farko Fa'izu ya matse sandarsa har jijiyoyin wuyansa suka fito, ya kai ƙwallo taku ashirin kafin gawo. Aka tafa masa. Da aka zo kaina na kama mariƙin, na nemi ƙarfen a cikin soson na rasa. Na ce bari in riƙe sama-sama yadda na saba. Sandar na saukowa na ji ta juya a hannuna kamar kifi. Ƙwallon ta tashi da ƙarfi, ta yi kwana zuwa gabas, ta shige rumfar albasar Maikuɗi ta cikin zana. Aka ji ƙarar kwano, wata kaza ta fito a guje.

“Wannan ta tafi Galmi sayen albasa,” in ji wani daga baya.

Maikuɗi ya miƙe tsaye. “Almoustapha, in ɗiyar nan za ta sake, a bari in kwashe kayana tukuna.”

Na tsaya ina kallon gezar ulun. Ƙwallo biyu suka rage mini. In na ci gaba da zama baiwa mai godiya, Fa'izu zai shiga mota. In na cire soson, na tona wa kaina asiri cewa kwana ashirin ina yi wa gari ƙarya, har da jan hanci. Na matsa soson da babban yatsa sosai. Can ƙasa na ji tudun kiri. Bai iya kwance aikin Chindo ba, a kansa ya naɗa.

Da zagaye na biyu ya zo kaina, na taka har gaban tabarmar tsofaffi na durƙusa.

“Baba Chindo, a ara mini wuƙa.”

Ya zaro ƙaramar wuƙarsa ta yankan fata ya miƙo mini ba tare da tambaya ba. Na tsaga robar daga sama har ƙasa. Soson ya buɗe ya faɗi, gezar ta bi shi. Kirin ya fito baƙi, yana ƙyalli saboda gumin hannuna.

“Tsahara,” in ji Kawu, “kyautar ɗan'uwanki ce kike yankawa?”

“Kawu, ku gafarce ni. Kukan da na yi ta yi, na ƙarya ne. Tsoro nake kada ya ƙwace ta.”

“Bororon fa?” wata mata ta tambaya daga baya.

“Shi kam na gaske ne.”

Na ɗora ƙwallo a kan murfin kwalba. Na riƙe sandar da yatsu, na saki kafaɗuna. Siririyar ƙarar nan ta fito. Kawunan mutane suka juya tare, suka bi ƙwallon har ta haye kan gawo ta sauka a bayansa, ƙura ta ɗan tashi. Wurin ya yi tsit, sai rediyon Baba Almoustapha da ya manta bai kashe ba.

Chindo ne ya fara magana. “Fatar bijimin Illela ce,” ya gaya wa na kusa da shi. “Ba na aiki da ta saniya.”

Ban gama sauke sandar ba na ji an fizge ta ta baya.

“Ashe haka ne,” in ji Fa'izu. “Abin baiwa ai na ubangida ne.”

Mutane suka fashe da dariya, har da Kawu. Na juya wurin Baba Almoustapha. Ya ɗaga tafukansa biyu.

“Ni ba na shiga tsakanin ɗan namiji da ɗiyar mace. Ko a Yamai ba a koya mini wannan ba.”

Fa'izu ya tsaya don bugunsa na ƙarshe da sandata. Ya shaƙe ta yadda ya saba, ya zuba duk ƙarfinsa. Ina addu'a a zuci ta kunyata shi, amma kiri ba ya zaɓen mai shi. Kan sandar bai juya ba. Ƙwallon ta tafi miƙe, ta wuce gawo, ta gangara ta wuce tawa. Samari suka yi ihu suka ɗaga shi sama. Da suka sauke shi na ga yana ɓoye hannun dama a hammata, kirin ya ɗauke masa fatar tafi. Duk da haka bai saki sandar ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya tura mini tasa mai soso da ƙafa.

“Ga taki nan. Buga mu tafi, rana na faɗuwa. Maikuɗi, a tsare albasa.”

Na ɗauki sandar soson. Maimakon in nufi gindin suri, sai na nufi inda ya kafe moto. Makullin yana jiki, da ɗan carbinsa yana lilo. Na zare shi. Na dawo wurin bugu, na cire ƙwallon daga kan murfin kwalba, na ɗora makullin a wurinta, na gyara tsayuwa.

“Ke, mi za ki yi?”

“Gwaji zan yi kafin bugun gaske. Abin ubangida ai baiwa ke wanke shi.” Na ɗaga sandar a hankali. “Sai dai ka sani, da wagga sanda ni kaina ban san inda abu ke zuwa ba. Wataƙila albasa, wataƙila rijiyar makiyaya. Kana da wani makullin a gida?”

Ba shi da shi, gari duka ya sani. Tun bara na biyun ya ɓace masa a kasuwar Malbaza.

“Baba,” ya ce wa mahaifinsa, “kuna ganin abin da take yi.”

Kawu yana share hawayen dariya da hannun riga. “Ƙara kake kawowa, Fa'izu? A kan taubashiyarka?”

Na kai sandar har bayan kaina. Kafin ta fara saukowa, ya jefo sandata ta faɗo a gabana, ƙura ta tashi. Na sunkuya na ɗauke ta tukuna, sannan na jefa masa makullin, ya cafe da hagu.

Yanzu saura ƙwallo ɗaya, kuma ga nisan da ban taɓa kaiwa a gaban mutane ba. Hannuna yana son ya matse, don duk abin da mutum ke tsoron rasawa matse shi yake yi. Akwai ɗan jinin Fa'izu a kan kirin. Na goge da gefen zane. Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, na sake rufe su a hankali, har na ji sandar tana iya zamewa in aka ja ta. Ban dubi gawo ba. Na dubi ƙwallon kawai, na bar kafaɗuna suka yi abin da suka koya a bakin turmi.

Ban ga inda ta sauka ba, gumi ya shiga idona. Baba Almoustapha ya hana kowa gudu. Ya ce shi zai auna, da ƙafarsa. Haka gari guda ya bi tsoho mai ciwon gwiwa a hankali, kamar rakiyar amarya, har bayan gawo. Ya tsaya a kan ƙwallon Fa'izu, mai alamar baƙin fenti. Ya duba gaba. Ya fara takawa yana ƙirgawa a fili, yana hutawa bayan kowane taku biyu, na kuma tabbata da gangan yake yi. A na bakwai ya tsaya, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗago ƙwallo mai ɗigon lalle.

“Ɗiyata,” ya ce, “ki gaya wa innarki mota ranar Talata ce, da hantsi.”

Ranar Talata Fa'izu ne ya kai ni bakin kwalta a Dogarawa, Kawu ya sa shi. Hannunsa na dama naɗe da tsumma, kuma babu ramin da ya bari bai faɗa ba a hanya. Na goya sandar a baya da ɗankwali, na ɗaure ta tamau. Baba Almoustapha ya riga mu isa a amalanke, yana zaune a inuwar mai shayi.

Muna tsaye muna jiran mota Fa'izu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Tun sati biyu na gan ki. Na dawo daga kai wani fasinja garin Bazaga da tsakar rana, na ga ƙwallo ta wuce gawo, na ga mai bugun.”

“To me ya hana ka ƙwacewa tun lokacin?”

“In ƙwace a ce na ji tsoron baiwata? Na ce gara in yi miki alheri a gaban jama'a. Har katifar innata na yanka.” Ya yi tsaki. “Wuƙar Chindo ce ban yi lissafi da ita ba.”

“Gwaggo ta sani?”

“Ba ta juya katifar ba tukuna.”

Motar ta iso, yaran tasha suka fara ɗora kaya a sama. Direba ya ce a kawo sandar a ɗaure tare da buhuna, na ce a'a, a jikina za ta zauna. Fa'izu ya matso kusa da tagar, yana murmushi, idonsa a kan mariƙin, hannunsa na hagu yana lilo a gefe. Na shiga, na sa sandar tsakanin gwiwoyina, na murɗa gilashin ya rufe ruf, sannan na ɗaga masa hannu.